Saniyar Laka Da Ba Ta Haihu Ba

Ba a daɗe da sallame isha'i ba aka ji kukan. An ɗauke wuta, layinmu na unguwar Jekadafari a Gombe ya yi tsit, in ban da injin mai cajin waya da ke tari can bakin titi. Sai wani sauti ya taso daga bayan katangar gidan Malam Gidado.

Huuu... hu-hu. Huuu...

Bai yi kama da kukan tsuntsu sosai ba, bai kuma yi kama da busar mutum ba. Ya fi kusa da a ce ɗan maraƙi ne ya faɗa cikin tulu yake kiran uwarsa. Ya yi, ya tsaya kamar mai jiran amsa, ya sake yi.

Suwaibatu, maƙwabciyar da katanga ɗaya ta raba su, ta haye turmin da take hawa duk sanda magana ta tashi, ta leƙo.

"Innalillahi! Mujiya ce wallahi! Malam, mujiya a bayan gidanka, ga baƙi na tafe ran Jumma'a! Kadijatu, watsa gishiri a wuta!"

Kadijatu na tsugune gaban kurfoti tana ɗumama wa mahaifinta madara. Ludayin ya suɓuce daga hannunta, ba ta ma sani ba.

Malam Gidado bai tashi daga kan buzunsa ba.

"Sauka daga turmin nan, Suwaiba, kada ki karye mana. Ba mujiya ba ce. Ƙwallon goruba ne aka huda ake hurawa."

"Ƙwallon goruba? Wane marar aikin yi ne wannan?"

Malam Gidado ya juya. 'Yarsa ya duba.

"Dada."

Haka yake kiran ta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

"Na'am, Baba."

"Madarar na zuba."

Ta sauke tukunyar. Su biyun sun san mai busar. Bakari ne, mai gyaran injin ban-ruwa a Kumbiya-Kumbiya, wanda sau biyu bappansa, ɗan'uwan mahaifinsa, na zuwa neman aurenta, sau biyun Malam Gidado na raka shi bakin zaure ya ce masa Allah Ya haɗa kowa da rabonsa. Tun daga nan aka hana ta ɗaukar wayarsa, ta kuma bi umarni. Ga shi ran Jumma'a mutanen Mu'azzam, ɗan Goggonta Mairamu, za su zo a tsayar da magana.

Busar ta sake tashi, a hankali wannan karon. Sannan aka ji sawun mutum yana nisa.

*

Duk wanda bai tashi a Wuro Ɓokki, ƙauyen su Kadijatu na asali ba, ba zai gane abin da wannan busa ke faɗa ba. Cewa take yi: rafi ya janye, laka ta fito, ku zo.

Wani ɗan rafi ne ya raba garin biyu. Wannan gaɓa rugar su Malam Gidado, waccan gaɓa gidajen manoma. Manya kan tsaya su gaisa daga nesa, yara kuwa ba su san akwai gaɓa biyu ba. In damina ta fara ja da baya, dawa ta yi kai, ruwan ya koma iya gwiwa, sai ya bar wata baƙar laka mai sulɓi, mai ƙamshi kamar sabon tulu. A nan ake wuni.

Kai, wannan wuri ya ga wasa! A nan ake langa har ƙafa ta sage. A nan ake kama fara a jera a tsinke, a babbake da karan dawa, a ci da toka-tokarta. A hau kanya, a girgiza ɗinya, baki ya yi baƙi ƙirin, a je gida a rantse ba a sha komai ba. Wanda ƙaya ta soka ba ya kuka, don in ya yi kuka gobe ba za a busa masa ba.

Amma babban wasa shi ne shanun laka.

Kowane yaron ruga yana da garkensa a gindin tsamiya, an kewaye da tsakuwa. A murza laka, a ja tozo, a ja ƙaho, a tofa yawu a shafe gadon baya har ya yi sheƙi, a shanya a rana. Kowace saniya da sunanta da halinta. Akwai mai tunkuyi, akwai mai rowar nono. In buzuzu ya biyo yana mirgina kayansa, to kura ce ta shigo garke, sai ihu. Akwai ma wani jan ƙadangare da ya saba kwanciya a tsakiyar shanun yana shan rana. Yara suka taru suka naɗa shi Arɗo, saboda duk ƙarar da aka kai masa gyaɗa kai yake yi, kowa ya tafi yana murna shi ya yi nasara.

Bakari ɗan manoma ne, Kaɗo a bakin yaran ruga tunda ba Bafulatani ba ne, hannunsa bai san saniya ba. In ya gina tasa ya ajiye, sai a kewaye shi.

"Kaɗo, wannan saniya ce ko doya?"

"Ku bar shi, jaki ya yi niyya, Allah bai nufa ba!"

Sai ya yi dariya tare da su, ya rushe, ya sake. Amma a busa ba shi da na biyu. Shi ya gano cewa in aka cinye goruba aka goga kan ƙwallon a dutse har ya huje, aka ƙwaƙule cikinsa da ƙusa, to yana da murya. Da ita yake tara yaran gaɓa biyu.

Kadijatu kuwa, tana 'yar shekara bakwai, hannunta ya fi na kowa. A shekarar ne mahaifinta ya ba uban Bakari haɓɓanaye, wato aron saniya irin na Fulani. Mutum ya ba amininsa saniya ya riƙe, ya sha nononta, in ta haifa masa 'yan maruƙa uku ya riƙe 'ya'yan, ya mayar da uwar. Saniyar da aka bayar Wule ce, ja mai farin goshi, ƙahonta na hagu ya sunkuya kamar tana sauraren ƙasa.

Abin da manya suka yi, shi yara ke yi. Kadijatu ta zauna ta gina Wule da jar laka daga gindin gaɓa, ta sunkuyar da ƙahon, ta manna ɓallin farar katantanwa a goshi. Da ta bushe ta ɗauko ta da hannu biyu ta tsaya gaban Bakari, ta haɗe rai irin na mahaifinta.

"Haɓɓanaye na ba ka. Ba a dukanta. Ba a sayar da ita. Ba a barin ta ruwa ya taɓa. Sai ta haihu uku za ka dawo min da ita."

"Ta yaya za ta haihu?"

"Kai dai Kaɗo ne! Kai ba ka yin komai. Mai saniya ce za ta gina ɗan maraƙi a ɓoye, ta zo ta ajiye a gefenta ba ka gani ba. Ka wayi gari ka tarar an haihu. In ka gina da hannunka, ka yi sata."

Bakari ya karɓa, ya kasa ko numfashi da ƙarfi.

Ba a yi sati biyu ba aka hana Kadijatu tsallaka rafi.

*

A daren busar, bayan Suwaibatu ta sauka daga turminta, Kadijatu ta kawo madarar ta durƙusa gefen buzu. Ba ta tashi ba.

"Baba, in yi magana?"

"Yi, Dada."

"Ban taɓa saɓa maka ba. Ka ce kada in ɗauki wayarsa, ban ɗauka ba. Yanzu ma ka ga ban fita ba." Hawaye suka zubo mata. "Amma ka faɗa min laifinsa. Shaye-shaye yake yi? Sallah ce ba ya yi? Wani ya taɓa kai masa inji ya ce ya cuce shi?"

"Ban ji ko ɗaya ba."

"To mene ne, Baba?"

Malam Gidado ya juya ƙwaryar madarar a hannunsa. Mutum ne dogo siriri wanda ya taɓa korar garke guda, yanzu kuwa dusa da kanwa yake sayarwa masu kiwon rago a gida. Bai cika magana ba.

"Kin tuna Wule?"

"Na tuna."

"A hannuna aka haife ta. Uwarki, Allah Ya jiƙanta, ba ta yarda kowa ya tatse ta sai ita. Da zan ba uban yaron nan aro, ban ba shi ta baya-baya ba, na ba shi wadda na fi so, don haka ake yi. Wata safiya na tsallaka in gaishe ta. Na tarar da turke, na tarar da igiya." Ya ajiye ƙwaryar. "Ya ja ta kasuwa tun da asuba. Mahauta suka saya."

"Baba, matarsa ce ba lafiya. Innar Bakari ce a kwance."

"Na sani. Da ya tsallako ya ce, Gidado, matata za ta mutu, wallahi da na kama bijimi na ba shi, ban tambaye shi ranar biya ba. Amma saniyar haɓɓanaye? Ko yunwa za ta kashe ka, ita ce ta ƙarshe a garkenka. Ko dukanta da sanda ba a yi." Ya kau da kai. "Daga baya ciwo ya kwashe min shanu, ban yi kuka ba. Wule kaɗai na yi wa kuka."

"Mutumin nan ya rasu, Baba."

"Na yafe masa tun ranar da na ji. Amma gidan da ya kasa riƙe min saniya, in ɗauki uwata in kai? Ba zan miki dole ba, Dada. In ba ki son Mu'azzam, ki faɗa gaban Goggonki. Amma Bakari, ba da hannuna ba."

"Shekararsa tara a lokacin!"

"Sha madarar nan da ta rage, ki je ki kwanta."

*

Washegari da hantsi Goggo Mairamu ta iso, Mu'azzam na biye da ita da buhun shinkafa. Ita ce yayar Malam Gidado, ita ta goya shi, ita kuma ta ƙarasa rainon Kadijatu bayan rasuwar uwarta. A gidan nan ba a ce mata a'a.

Tun kafin ta zauna Suwaibatu ta ba ta labarin mujiyar goruba ta saman katanga. Goggo ta cire mayafi ta nuna Kadijatu da shi.

"Zo nan, 'yar nema. Shekara ashirin da bakwai, sa'anninki na raka 'ya'ya makaranta, ke kina nan ana busa miki ƙwallo kamar akuya! Bayan nan nawa da kike gani, shi ya goya ubanki, shi ya goya ki. Me na taɓa roƙonki? Ɗana guda na ce ki rufa min asiri da shi, zumunci ya ɗore. Ko sai na mutu za ki zo ki fi kowa kuka?"

"Goggo, Allah Ya bar mana ke..."

"In kina so Ya bar ni, ki daina kashe ni!"

Kadijatu ta kifa kai a gwiwar Goggon tana kuka, Goggon ma tana kuka tana shafa kanta tana ci gaba da faɗa.

Daga baya Mu'azzam, wanda take ce wa Hamma, wato yaya, ya kira ta zaure. Yaro ne mai kirki, ma'aikacin gwamnati, kullum rigarsa a goge, turarensa na riga shi shiga wuri. Ya miƙa mata wayarsa.

"Duba gidan, Dija. An gama tayil jiya. Tumfure akwai nisa, na sani, but wallahi iskar wurin daban ce."

Ta duba ta mayar masa.

"Ya yi kyau, Hamma. Allah Ya sa alheri."

"Kin faɗa kamar gidan wani." Ya yi murmushi, murmushin bai kai ido ba. "Tell me the truth. Me mai busar nan yake da shi?"

Ta ɗago ta dube shi.

"Hamma, ka taɓa cin farar da ka kama da hannunka?"

"Fara? Ni a leda nake saye, da yaji."

Ta yi dariya cikin hawaye.

"In ya yi magana ina jin ƙamshin lakar rafinmu. Duk wanda ya san ni a garin nan, ya san ni ne bayan Inna ta rasu, bayan shanu sun ƙare. Shi kaɗai ya san ni lokacin da nake da komai."

Mu'azzam ya jingina da bango.

"Ni a Gombe aka haife ni. Wasanmu ƙwallo a kan kwalta, mota ta zo mu dare. Amma kin san me ya sa na sayi fili a can? Bayan gidan gona ce har yanzu, akwai ɗan kwari da ruwa ke bi. Na ce 'ya'yana su samu abin da kike ba mu labari muna yara." Ya sosa ƙeya. "Labarinki ne ya kai ni Tumfure, Dija."

Wannan ya fi faɗan Goggo ciwo. Ta rufe fuska da mayafi.

"Ba zan janye ba," in ji shi, "Inna ba za ta yafe min ba, ni ma zuciyata ba za ta yarda ba. Amma in Kawu da bakinsa ya ce a'a, ba za ki ji rigima daga gare ni ba."

*

Ran Alhamis bayan la'asar, tsakar gida cike da albasa da tukwanen aro, Goggo na ba da umarni, sai aka yi sallama a zaure.

Bakari ne, shi kaɗai, da rana tsaka, ta ƙofar gaba. Ya wanke hannu amma baƙin mai bai bar farcensa ba. Yana rungume da wani abu a naɗe cikin tsohon zane.

Malam Gidado ya fito ya zauna a tabarmar zaure. Bai ce a kawo ruwa ba. Goggo ta tsaya a bakin ƙofar ciki, Kadijatu a bayanta. Can gefe kan Suwaibatu ya ɓullo a saman katanga.

"Kai ne mujiyar shekaranjiya?"

Bakari ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Ni ne, Baba. A yafe min. Sallama na zo yi, na ga ba ni da bakin da zan yi ta da shi."

"Yau kuma fa?"

"Ba neman aure ya kawo ni ba. Na ji gobe za a tsayar da magana, Allah Ya sanya albarka. Kayan gidan nan ne a hannuna. Ba na so ta shiga gidan wani da kayanta a wurina. Kada a ce gidanmu ya ci sau biyu."

Ya warware zanen. Tsohon gwangwanin madara ne, fentinsa ya goge. Ya buɗe, ya ɗebe audugar da ke sama, ya sa hannu biyu ya fito da ita, ya tsayar a kan tabarma.

Ja ce, tsawonta bai wuce tafin hannu ba. Ƙahon hagu a sunkuye. Ɓallin katantanwa na nan fari a goshi.

Kadijatu ta toshe bakinta.

Malam Gidado bai motsa ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa yatsa ya taɓa ƙahon a hankali, kamar mai tsoron kada ta firgita.

"Wule," ya ce, can ƙasa.

Ya ɗaga ta ya juya cikinta, ya ƙwanƙwasa da farce.

"Ba a gasa ta ba."

"A'a, Baba. Na so in sa ta a murhu ta yi ƙwari, sai na tuna ba a ce min in ƙona ta ba."

"Ɗanyar laka ce wannan. Mu namu ba sa kai kasuwa biyu. Raɓa kaɗai tana cinye su." Ya dube shi sosai, karo na farko. "Shekara ashirin?"

"Kusan haka. An ce kada ruwa ya taɓa ta. Da damina ina rataye gwangwanin a rufin ɗaki. Shekarar da ruwa ya shiga mana ɗaki a Kumbiya-Kumbiya, katifata ta tafi, ita tana kaina."

"Kai, jama'a!" in ji Suwaibatu daga sama. "Katifa guda!"

Goggo Mairamu ta matso ba ta sani ba. Ita ce fa ta koya wa Gidado ginin shanu tun yana yawo ba wando. Ta sunkuya ta leƙa.

"Tozon ya yi girma," ta ce. "Duk zuwana ruga ina gaya wa yarinyar nan tana cika tozo."

Sai ta tuna abin da ya tsayar da ita, ta miƙe ta gyara ɗaurin zane.

"To an gani, an gode. Gidado, karɓi abin wasan yara ka sallame shi, aiki na jiranmu."

Malam Gidado ya ajiye saniyar. Ya leƙa cikin gwangwanin, ya motsa audugar da yatsa.

"Kyauta aka ba ka ko aro?"

"Haɓɓanaye ne, Baba."

"To ina 'ya'yan?"

"Ba ta haihu ba."

"Ba ta haihu ba? Laka ta ƙare a duniya ne? Me ya hana ka gina uku ka ajiye?"

Bakari ya ɗago, idanunsa sun yi ja.

"Mai saniya ce ke ginawa, ta ajiye ban gani ba. In na gina da hannuna na yi sata, haka ta ce." Ya dubi saniyar. "Bayan an hana ta tsallakowa, kullum da safe sai na je gindin tsamiya na duba. Har kuka tashi daga garin. Ko yanzu, Baba, kada ka yi min dariya, in na buɗe gwangwanin sai na duba gefenta."

Ba wanda ya yi dariya. Kadijatu ta juya ta shige ciki da gudu, ana jin kukanta.

Malam Gidado ya ja carbinsa, ya ja, ya ja. Sannan ya sa bayan hannu ya tura saniyar gaban Bakari.

"Ɗauki abarka."

"Baba?"

"Ba a mayar da haɓɓanaye ba ta haihu ba. Wanda ya karɓa haka ya zagi wanda ya riƙe. Ni ban gaji wannan ba."

"Gidado!" Goggo ta daka tsawa. "Laka ce fa! Laka!"

"Na gani, Adda. Ta nama ma da ke cin ciyawa ta kare kanta, ba a riƙe min ita shekara guda ba." Ya ɗaga murya. "Dada! Baƙo na zaune ba ruwa."

Daga ciki aka ji motsi wajen randa, inda ƙasa ba ta bushewa. Sannan Kadijatu ta fito da kofin ruwa a hannun dama, hannun hagu a dunƙule cikin mayafi. Yatsunta duk jar ƙasa.

Ta durƙusa ta ajiye ruwan.

Malam Gidado ya ɗaga kai yana nazarin azarar zaure, kamar yau ya fara ganin ta.

"Bakari, dubi can. Gara ce ta fara cin itacen nan ko idona ne?"

Bakari ya ɗaga kai ya duba. Ya duba sosai, har ya fi yadda azara ke buƙata, hawaye na gangara masa cikin kunne.

Kafin su sauke ido, Kadijatu ta koma ciki. A gefen Wule ga wani ɗan abu tsaye, bai kai babban yatsa ba, jiƙe sharkaf, ƙafafunsa a tale kamar na maraƙin da aka haifa yanzu. Tozonsa ya ɗan yi girma.

"Barka da arziki," in ji Malam Gidado. "Saura biyu. Mai saniya ba za ta riƙa hawa keke zuwa Kumbiya-Kumbiya a ɓoye ba. Ka ce wa bappanka ya dawo, mu yi maganar inda za a kafa garken."

Bakari ya kifa goshinsa a tabarma.

Goggo Mairamu ta figi mayafinta.

"Ɗana fa? Mutanen da na gayyato gobe fa? Da wane ido zan dube su?"

"Adda, ni zan je Tumfure da ƙafata yau ɗin nan. Ni na yi alkawari, ni zan durƙusa wa Mu'azzam. Ke ma zan zo in durƙusa miki."

"Kada ka zo! Na goya ka a banza, Gidado!"

Ta fice ba sallama, takalminta ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. A bakin zaure ta tsaya, ta waiwayo ta dubi tabarmar, saniyar da ɗanta suna tsaye. Sannan ta wuce.

Malam Gidado ya miƙe yana neman hularsa. Bakari na ta ƙoƙarin gyara auduga yadda jiƙaƙƙen ba zai taɓa busasshiyar ba. Daga cikin gida ana jin Kadijatu tana wanke hannu, ruwan na zuba, ba ta daina ba.

Suwaibatu ta ƙara ɗage a kan turminta har ya yi ƙara.

"Malam! Malam, tsaya mana! Wai don girman Allah, tun yaushe saniyar laka ta fara haihuwa a Jekadafari?"

Malam Gidado ya sa hularsa, ya fita neman keken Tumfure.